Zalika Souley: ƴar wasan da ta yi magana ba a ji ta ba

A darasin tarihin sinima, in an zo kan zamanin beben fim, wato shekarun da hoto ke motsi babu murya, sunayen matan da ake lissafawa duk na Amurka ne da Turai, sai ɗan abin da ba a rasa ba daga Masar. Ɗalibi daga Ingal ko Tagidda-n-Tesemt yana iya tambaya, to mu ina tamu? Amsar gajera ce, ba mu da ita. Amma dalilin rashin nata, da abin da ya sami matar da ta fara tsayawa gaban kamara a ƙasar nan bayan wancan zamani ya wuce, sun cancanci mu zauna a kansu, musamman mu da ke karatun harshe.

A zamanin beben fim an ɗauki hotonmu kam. A ƙarshen 1924 ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën ya taso daga Aljeriya, ya keta Sahara, ya bi ta Yamai da Damagaram ya nufi Tafkin Cadi. Léon Poirier ya haɗa fim ɗin tafiyar, La Croisière noire, ya fito a 1926. Kakanninmu suna ciki, suna rawa, suna hawan doki, suna kallon mota. Sai dai a cikinsa matsayinsu ɗaya da na rairayi da raƙuma, kayan ado ne na bayan fage. Motar ce jarumar fim ɗin. Daga baya, a 1934, Faransa ta kafa dokar Laval, wadda ta ce ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka sai da iznin gwamna. Da wannan aka rufe ƙofa har zuwa samun ƴancin kai. Shi ya sa ƴar wasanmu ta farko ba ta bayyana ba sai a 1966, kusan shekara arba'in bayan fim ya fara magana.

Ita ce Zalika Souley. An haife ta a Yamai a 1947. Ba ta kai ashirin ba Moustapha Alassane ya sa ta a Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ita kaɗai ce mace a cikin gungun, da sunan Reine Christine. Ku yi tunanin Yamai ta 1966, budurwa da wando da malafa da bindiga a bisa doki, a kan majigi, gari duka yana kallo. Daga nan ta zama ta hannun daman Oumarou Ganda. Ta fito a Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, da Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972, karo na farko da aka fara ba da ita, da Saïtane, da L'Exilé na 1980. Ta yi aiki da Djingarey Maïga a Aube noire, ta kuma je Kodebuwa ta fito a Pétanqui. Duk wanda ya ce sinimar Nijar ta taɓa zama a sahun gaba a Afirka, finafinan nan yake nufi, kuma fuskarta tana cikin mafi yawansu.

Dubi sunayen finafinan ma. Wazzou ɗin nan da Faransanci ya rubuta haka, wa'azinmu ne, daga Larabci. Saïtane kuwa Shaiɗan ne. Finafinai ne na gargaɗi, kuma fim ɗin gargaɗi yana bukatar mai laifi. To ita aka riƙa ba wannan kaya: mace mai zaman kanta da ke cinye kuɗin tsohon soja, matar aure mai cin amana, kishiya da kishi ya rufe wa ido. A Le Wazzou polygame wani Alhaji ne ya ƙwace yarinyar da aka yi wa wani alkawari ya mai da ita ta uku, kishi ya kai ga kisa, aka kuma kashe wadda ba ita aka nufa ba. Laifin Alhaji shi ne tushen labarin, amma abin da ya zauna a idon ƴan kallo fuskar kishiya ce. Suka fito daga gidan sinima suka ci gaba da ganin kishiyar a kan titi. Aka zage ta, aka ƙyamace ta, aka ɗauke ta ƴar iska.

A nan ne wata ƴar wasan beben fim ta Amurka za ta taimaka mana, don labarinta ya shafi Sahararmu ta wata hanya mai ban dariya. Theda Bara sunanta na yanka Theodosia Goodman, ƴar wani tela ce Bayahude a Cincinnati, an haife ta a 1885. Da kamfanin Fox ya sa ta a A Fool There Was a 1915, a matsayin macen da ke tsotse dukiya da hankalin maza, sai masu tallarsa suka ƙirƙira mata asali. Suka baza wa jaridu cewa a hamadar Sahara aka haife ta, a gindin gumakan Masar. Aka kuma yi ta yayata cewa in ka jujjuya baƙaƙen sunanta da Ingilishi sai su ba ka kalmar Balarabe da kalmar mutuwa. Matar ba ta fito daga hamada ba, amma a wurin Ba'amurken 1915 Sahara na nufin sihiri da hatsari, saboda haka aka manna mata ita. Jama'a suka gaskata. Ta yi finafinai kusan arba'in, ta gaji da zama muguwa, ta bar Fox a 1919, ba ta taɓa yin fim mai magana ba. A 1937 gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin, mafi yawan aikinta ya ƙone, har da Cleopatra na 1917 wanda guntaye kawai suka rage. Ta rasu a 1955.

Theda tana da uzurin da Zalika ba ta da shi. A beben fim ƴar wasa ba ta da murya, ido da kafaɗa da tafiya ne maganarta, kalmomin kuma wani ne ke rubuta su a allon da ke giftawa tsakanin hotuna. Mai kallo shi ke cike gurbin da abin da ke zuciyarsa. Zalika kuwa ta yi magana, da Zabarmanci, harshen da ƴan kallonta na Yamai ke ji sarai. Duk da haka sakamakon ɗaya ne.

Bayanin da aka saba bayarwa shi ne wai mutanen lokacin ba su waye da sinima ba, ba su iya raba wasa da gaskiya. Ni dai wannan bayanin bai cika mini ciki ba. A ilimin harshe mun san kalmar "ni" ba ta da mai ita na dindindin, tana bin bakin da ya furta ta ne, kuma mai magana yana iya aron bakin wani. Mutanenmu sun san haka tun kafin majigi. Kaka tana maƙale murya ta yi maganar Gizo, ba jikan da ya taɓa zarginta da cin amanar Ƙoƙi. Yara suna tashe da azumi, wannan ya zama tsoho, wancan ya zama mai ciki, gari ya yi dariya a ba su hatsi. Sannan ga hujjar da ta fi ƙarfi: Oumarou Ganda da kansa ya fito a matsayin Cabascabo, tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin ya ɓarnatar da kuɗinsa wurin giya da mata. Yau babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa take ɗauke da shi, kuma ya cancanta. Ashe ƴan kallo sun iya raba mutum da rawar da ya taka, in namiji ne. In mace ce sai a ce ai da ba halinta ba ne da ba ta iya shi haka ba. Iyawarta ita ta zama shaidar da aka kama ta da ita.

Ganda ya rasu a farkon 1981. Kuɗin yuraniyom ya ja baya, tallafi ya ƙafe, gidajen sinima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A wannan hali Rahmatou Keïta ta same ta, ta yi fim a kanta, Al'lèèssi... une actrice africaine, wanda ya fito a 2004 aka kuma nuna shi a Cannes a 2005. Kalmar al'lèèssi da harshen Sanwai tana nufin ƙaddara. A ciki muna ganin Zalika ta haura hamsin, tana zaune da ƴaƴanta a gida mai ɗaki biyu, ba famfo ba kuran. Fim ɗin ya ƙare da labarin cewa ta bar ƙasar ta tafi aikatau a ƙasar waje.

Abin yabo a fim ɗin babba ne. Shi ne karo na farko da aka kafa mata kamara ta ce "ni" tana nufin kanta. Ba Reine Christine, ba kishiya, Zalika ce ke ba da labarin Zalika, kuma tsofaffin abokan aikinta suna ba da nasu. Keïta ta kuma ceto guntayen finafinan da da yawanmu ba mu taɓa gani ba sai a nan. Ga ɗalibin da ke son sanin tarihin sinimar ƙasarsa, babu ƙofar shiga da ta fi wannan.

Inda nake da ja da shi wuri biyu ne. Na farko sunan. Ƙaddara kalma ce mai sanyaya zuciya, amma tana wanke hannun kowa. Rashin biyan ƴan wasa yadda ya kamata, rashin ma'ajiyar finafinai, barin gidajen kallo su mutu, zagin mace a titi, duk mutane ne suka yi su, da sunayensu da ofisoshinsu. Fim ɗin da kansa ya nuna haka, sai sunan ya zo ya sassauta tuhumar. Na biyu, nauyin tausayi ya danne nazarin sana'a. Guntayen tsofaffin finafinan suna zuwa ne galibi don a auna nisan faɗuwa, jiya tauraruwa yau mai ɗibar ruwa. Mai kallo yana fita yana cewa Allah sarki, ba ya fita da sanin me ya sa ta fi sauran. Yaya take sarrafa murya in tana fushi? Wane irin Zabarmanci ta ba macen bariki, wane ta ba matar aure? Me take yi da idonta lokacin da wani ke magana? Waɗannan su ne tambayoyin da ake yi wa ƙwararre. In muka tsaya a tausayi kawai, mun sake ba ta wata rawar ce, ta abar tausayi, mun kuma ƙi jin ta a karo na biyu.

Kada wani ya ce tsohon zance ne. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da ClassiQ. A 2022 Ladin Cima, wadda ta tsufa a harkar, ta faɗa wa BBC Hausa cewa ƴan dubban nairori ake ba ta a fim, aka yi ta cece-kuce, wasu furodusoshi suka musanta, wasu suka ce ta tona asiri. Kowa na iya ɗaukar ɓangarensa a waɗannan rigingimu. Amma tsarin sananne ne: muna son mace a majigi, ba ma son ta a unguwa, in ta tsufa kuma ba mu san ta ba. Mu da ke tura wa juna finafinan nan a salula, muna cikin masu wannan hali.

Mu ƴan yankin Tagidda abin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Garinmu sananne ne a duniya ta hoto. George Steinmetz ya ɗauki ramukan gishirinmu daga sama, ɗaruruwan da'irori ja da ruwan ɗorawa da fari, hoton ya zaga mujallu. Daga can sama, masu haƙar ƙasa da ɗibar ruwan gishiri ɗigo-ɗigo ne. Hoto ne kyakkyawa, kuma bebe ne kamar na 1926. Sunan garin ma mutane da yawa suna furta shi ba su san tesemt gishiri ne da Tamajak ba, balle su san ana magana da Tasawak a nan da Ingal, harshen da yake dangin Zabarmancin da Zalika ta yi wasa da shi. Ranar da wata yarinya daga cikinmu za ta tsaya gaban kamara ta taka rawar muguwar kishiya da Tasawak, abin da za mu yi mata washegari a bakin rijiya shi ne zai nuna ko mun karanta tarihin nan.

Zalika ta rasu a Yamai a watan Yulin 2021. Finafinan Theda wuta ce ta cinye su, ba yadda za a yi. Na Zalika suna nan, sai dai sun fi sauƙin samu a ma'ajiyoyin Faransa da bukukuwan sinima na waje fiye da Agadas ko Tawa. Ga abin da nake ba ƙungiyarmu shawara. Mu nemi Al'lèèssi da Cabascabo da Le Wazzou polygame ta hanyar cibiyoyin al'adu, da iznin masu haƙƙinsu, mu nuna su a jami'a. Waɗanda ke jin Zabarmanci a cikinmu su zauna da masu Hausa da Tamajak da Tasawak mu fassara maganganun, tunda ƴan Algaita a Kano sun nuna mana cewa fim ɗin Indiya ma yana iya jin Hausa. Bayan kallo kowa ya rubuta shafi biyu a kan wasanta kaɗai, murya da ido da tafiya, ban da talaucinta. Mu haɗa su a fitowa ta gaba.