Waƙar Siyasa: Ina Hujja?

'Yan'uwa manazarta, kwanan baya a Unguwar Rogo na saurari waƙar wani ɗan takara daga lasifikar mota. Kari ya zauna, amshi da daɗi, amma jigon kirari ne zalla: wai ya goge, zai gyara ƙasa. Ko baiti ɗaya bai ambaci rijiyar da ya taɓa ginawa ba.

Mu tuna 1979. Alhaji Shehu Shagari malami ne, tsohon minista, NPN kuwa ta zo da tambarin gida da masara. Duk da haka, har 1983 shinkafar waje ake shigowa da ita. To, in gogagge ya sha wuyar cika alkawari, ina ga wanda mawaƙinsa kaɗai ne shaidarsa?