Farantin Sola a Kan Gida Mai Taya: Bitar Littafin Nomadland

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakin masu motocin kwana a Amurka, wato motocin nan da aka yi wa gado da murhu da ɗan wurin wanka a ciki: shin ɗora farantan sola a kan rufin mota yana biyan kuɗinsa? Masu sayar da kayan za su ce maka yana biya, masu janareta kuma su ce asarar kuɗi ce. Amsar da ta fi gamsar da ni tana cikin Nomadland, littafin da 'yar jarida Jessica Bruder ta fitar a 2017. Littafin bai koyar da haɗa waya ba. Labarin mutane ne, amma duk wanda ya karanta shi da idon basira zai gane wa sola ke yi wa rana, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Bruder ta fara aikin ne da wata doguwar maƙala a mujallar Harper's a 2014, a kan tsofaffin Amurkawa da hutun ritaya ya gagara. Daga nan ta shafe shekara uku tana bin su, ta yi tafiyar mil kusan 15,000, ta sayi tsohuwar mota ta sa mata suna Halen, ta riƙa kwana a cikinta kamar yadda suke yi. Akasarin waɗanda ta bi sun haura shekara hamsin ko sittin. Wasu rushewar kasuwar gidaje ta 2008 ce ta cinye musu gida da ajiya. Wasu rabuwar aure ce ta kai su ƙasa, wasu kuɗin asibiti, wasu kuma fanshon ne bai kai kuɗin haya ba. Da suka ga albashi ya ƙi ƙaruwa, haya kuma kullum hawa take yi, sai suka soke haya daga lissafinsu gaba ɗaya, suka tattara komatsansu suka koma cikin mota.

Tauraruwar littafin ita ce Linda May, kaka mai shekara sittin da 'yan kai, wadda ta yi sana'o'i iri-iri a rayuwarta, amma abin da gwamnati ke ba ta na tsufa bai wuce dala ɗari biyar da wani abu ba a wata. Gidanta wata 'yar tirela ce mai tsawon ƙafa goma, wadda take ja da tsohuwar jif, ta raɗa mata suna Squeeze Inn saboda ƙunci. Bruder ta raka ta zuwa wani sansanin 'yan yawon buɗe ido a dazukan San Bernardino na Kalifoniya, inda Linda ke wanke masai, tana kwashe tokar murhu, tana karɓar baƙi, a kan ɗan albashi da wurin ajiye tirela kyauta. Marubuciyar ba ta mayar da ita abar tausayi ba. Ta bar ta da barkwancinta, da taurin kanta, da babban burinta: ta sayi ɗan fili ta gina irin gidan nan da maginin nan Michael Reynolds ya ƙirƙiro a kusa da Taos ta jihar New Mexico, wanda ake yin bangonsa da tsofaffin tayoyi cike da ƙasa, yana tara ruwan sama, yana samun wuta daga rana. Burin Linda gida ne da babu mai aiko masa da takardar kuɗin wuta ko ta ruwa. Daga ƙarshe ta mallaki eka biyar a hamadar kusa da garin Douglas na Arizona.

A nan ne maganar sola ta shigo, ko da yake Bruder ba ta ware mata babi ba. Motar kwana tana da hanya uku ta samun wuta. Ta farko ita ce shiga filin ajiye motoci na kuɗi, a jona waya a turken wuta, a biya kowane dare. Ta biyu janareta, da kuɗin fetur da hayaƙi da ƙarar da ke hana maƙwabta barci. Ta uku farantin sola da batir. Mai hannu da shuni da ke fita hutu na mako biyu a shekara, yana kwana daga wannan filin kuɗi zuwa wancan, sola ado ce a wurinsa, zai yi wuya ta mayar masa da abin da ya kashe. Mutanen Bruder ba haka suke ba. Dabararsu kacokan ta dogara ne ga filayen gwamnatin tarayya da ke yammacin ƙasar, inda doka ta yarda mutum ya yada zango kyauta, galibi har kwana 14 kafin ya matsa gaba. A kewayen Quartzsite ta Arizona kuma akwai wuraren da, a lokacin da aka rubuta littafin, dala 180 ke ba mutum izinin zama har wata bakwai. A waɗannan filaye babu turken wuta ko ɗaya. Wanda ba shi da hanyar caja batir ba zai daɗe ba, dole ya koma gari ya biya. Saboda haka ƙimar farantin sola a wurin irin su Linda ita ce yawan dararen da ya ba su damar kwana ba tare da sun zaro ko sisi ba.

Littafin ya nuna wannan ƙarara idan aka jera babobin Amazon da na Quartzsite. A lokacin da aka rubuta littafin, kamfanin Amazon yana da wani shiri mai suna CamperForce, wanda ke ɗaukar masu motocin kwana aikin wucin gadi a rumbunan kayansa gab da Kirsimeti. Bruder da kanta ta yi aikin na ɗan lokaci a Texas, kamar yadda ta taɓa aikin girbin gwozar sukari a North Dakota. Ta kwatanta tsofaffi masu furfura suna yini a tsaye awa goma ko fiye, suna taka mil da yawa a kan daɓen siminti da na'urar tantance kaya a hannu, ga akwatunan maganin ciwon jiki kyauta an kafa a bango. Cikin ladan da kamfanin ke bayarwa har da biyan kuɗin wurin ajiye mota mai wuta. Wutar tana zuwa ne tare da aikin, ranar da aiki ya ƙare ita ma ta ƙare. Da an shiga Janairu sai jama'a su gangara kudu zuwa Quartzsite, ƙaramin garin da mazaunansa na dindindin ba su wuce 'yan dubbai ba, amma hunturu ke cika shi maƙil da motoci. A can, wutar da mutum ya kunna tasa ce, babu ubangidan da zai iya yanke ta.

A Quartzsite ɗin ne Bob Wells ke haɗa taronsa na shekara-shekara, Rubber Tramp Rendezvous. Wells ya fara kwana a mota ne a Anchorage ta Alaska a 1995, bayan mutuwar aurensa ta bar shi da nauyin gida biyu a kan albashin ma'aikacin kanti. Daga baya ya buɗe shafin intanet yana koya wa mutane yadda ake rayuwa a mota da kuɗi kaɗan. Babobin taron su ne suka fi daɗin karatu a littafin. Mutane na zaune a kujerun naɗewa a tsakiyar hamada, ana darasi a kan tsimin kuɗi, da yadda ake fakewa a cikin gari ba tare da ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi ba, da yadda bokiti ke zama masai, da yadda ake haɗa sola. Wanda ya iya yana koya wa wanda bai iya ba, a musanya kaya, a haɗa girki a tukunya ɗaya. Bruder ta fahimci cewa ilimin nan shi ne jarin talakan hanya, ta kuma rubuta shi da girmamawa.

Abin da littafin bai yi ba shi ne ajiye lissafin a gaban mai karatu, kuma wannan giɓi ne, domin lissafin yana ƙara wa hujjarta ƙarfi. Bari in cike shi daga abin da duk mai harkar sola ya sani. Faranti biyu masu wat 100 kowanne, a rana mai kyau irin ta Arizona, za su tara wutar da ta kai wat 800 na awa guda ko kusa da haka, bayan an cire asarar waya da ta na'urar caji. Ƙaramin firji na mota zai cinye wajen rabin wannan a yini. Ragowar ta ishi ƙwayayen fitila, fanka, cajin waya da kwamfutar hannu, waɗanda su ne hanyar neman aiki da jin muryar jikoki. Amma na'urar sanyaya ɗaki ta kan rufi tana jan wat kusan 1,500, haka ma hita ta lantarki. Ko wanne daga cikinsu zai shanye tarin yini guda cikin rabin awa da 'yan mintoci. Batirin dalma kuma, irin wanda aka fi samu a wancan lokaci, ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ga kuma inuwa: reshen bishiya ɗaya da ya rufe gefen faranti yana iya karya ƙarfinsa ƙwarai, alhali mai mota a lokacin zafi inuwar yake nema. Da hunturu rana tana yin ƙasa, yini ya gajarce, farantin da ke kwance a rufi ya rage kawo wuta, sai an ɗaga shi ya fuskanci kudu.

Wannan lissafi ne ke bayyana taswirar littafin. Mutanen Bruder suna hawa duwatsu da bazara, su sauko hamada da hunturu. Ayyukan wucin gadi na cikin dalilan, amma babban dalili shi ne motarsu ba ta iya sanyaya kanta ko ɗumama kanta da hasken rana, don haka dole su bi yanayi. Ɗumi sai da tukunyar gas da bargo. Sola ta raba su da mai gidan haya da kamfanin wuta, ta bar su da sanyi, da tsufa, da injin da zai iya tsayawa a kowane lokaci. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga rabin wannan lissafi. Duk wanda ya ɗora faranti a kan kwanon gidansa bayan tashin farashin fetur ya san sola na riƙe fanka da fitila da firji, ya san ƙura na rage mata ƙarfi, ya kuma san kuɗin gaske a batir yake.

Fim ɗin da Chloé Zhao ta shirya daga littafin a 2020 ya kama wannan iyaka da kyau. An ƙirƙiro wata mata mai suna Fern, wadda Frances McDormand ta fito a matsayinta, ta bar garin Empire na Nevada bayan kamfanin da ya mallaki garin ya rufe masana'antarsa a 2011. Linda May da Bob Wells duk sun fito da kansu. Akwai wurin da Fern ta faka a gidan mai cikin tsananin sanyi, mai kula da wurin ta gargaɗe ta cewa daren zai yi tsanani, ta nuna mata cocin da ke ba da makwanci, ita kuwa ta zaɓi motarta. Akwai kuma ranar da motar ta lalace, makanikai suka yanka mata dala 2,300, sai da ta je wurin 'yar'uwarta rance. Fim ɗin ya ci manyan kyaututtukan Oscar uku a 2021, kuma ya cancanta. Sai dai ya sassauta wa rumbun Amazon, ya bar faɗuwar rana a hamada ta lulluɓe wahalar da littafin ya tona. Wanda ya kalli fim ɗin kaɗai zai iya zaton zaɓi ne na masu son kaɗaici. Littafin bai bar wannan kuskure ya zauna ba.

Akwai wani wuri kuma da na so Bruder ta ƙara zama. Ta lura cewa kusan duk mutanen da ta haɗu da su fararen fata ne, ta kuma yi tambayar da ta dace: ko baƙar fata zai iya kwana a mota a gefen titi ba tare da fargabar 'yan sanda ba? Ta taɓo batun ta wuce, alhali ya isa babi guda. Haka nan ba ta tsaya sosai a kan waɗanda ko kuɗin farantin farko da batir ba su da shi ba. Tsimi ma yana buƙatar jari, kuma tsakanin mai tirela da sola da mai kwana a kujerar baya ta ƙaramar mota akwai tazara mai faɗi.

Duk da haka, ƙarfin littafin ya rinjayi rauninsa nesa ba kusa ba. Bruder tana da haƙurin sauraro, tana komawa wurin mutum shekara bayan shekara har ya saki jiki, kuma ba ta ɗaga murya. Tana ajiye farashin abinci kusa da adadin fansho ta bar mai karatu ya yi ragin da kansa. Tun bayan fitowar littafin farashin faranti ya ci gaba da sauka, batirin lithium ya yaɗu, yana daɗewa, yana kuma barin a yi amfani da mafi yawan cajinsa. Hakan ya sauƙaƙa wa masu zama a mota, amma bai taɓa dalilin da ya kai su can ba.

To, sola tana biyan kuɗinta a motar kwana? Ga mai zama a daji makonni, mai ƙananan buƙatu, mai bin rana, tana biya har da riba. Ga mai son sanyin ɗaki dare da rana, ko mai kwana a filin kuɗi kullum, ba ta biya. Nomadland ya ƙara tambayar da ta fi wannan nauyi: yaya aka yi ƙasa mai arziki irin Amurka ta kai matsayin da mace mai jikoki, wadda ta yi aiki duk rayuwarta, sai ta koyi haɗa batir kafin ta sami inda za ta kwana ba bashi? Saboda wannan tambaya nake ba da shawarar a fara da littafin, sannan a kalli fim ɗin.