Jinjina Ga Masu Shebur da Baro na Maiduguri

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, idon duniya ya tsaya ne kan ruwan da ya mamaye Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya saki kadoji da macizai daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Rabon Maiduguri da irin wannan ambaliya tun 1994.

Amma aikin gaske sai bayan ruwa ya janye. Taɓo ya toshe shaguna da magudanai, katangun laka a unguwar Gwange sun narke, rijiyoyi sun gurɓace, har kwalara ta ɓulla. A nan ne matasan unguwanni suka fito da shebur da baro, suka yi gayya gida-gida suna kwashe taɓo, ba tare da wani ya ɗauki sunayensu ba. Magina suka bi bayansu. Magini mai sanin aikinsa ba ya gaggawar ɗora bulo a kan ƙasar da ta sha ruwa. Sai ya jira ta bushe, ya zurfafa harsashi, ya ɗaga dakalin ƙofa sama da yadda yake a da. Mai gida na matsa masa, domin iyali suna kwana a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi ko a ajin makaranta, maginin kuwa ya dage.

Mata ma sun yi nasu, da manyan tukwane a bakin titi, suna ciyar da leburorin da ba su da kuɗin abincin rana. Ga siminti kuma ya yi tsada a shekarar, dole mutane da yawa suka sake amfani da tsoffin kwanon rufi da katakon da ruwa bai tafi da su ba.