Zakanya Mai Suna da Giwayen Bouba Ndjida

Virginia McKenna, wadda aka haifa a Landan a 1931, ta goge a dandamalin Old Vic, ta kuma ci lambar BAFTA da fim ɗin A Town Like Alice na 1956, tun kafin ta haɗu da zaki. Abin da dandamali ya koya mata shi ne sa mai kallo ya damu da rai guda ɗaya, kuma da wannan gwaninta ta shiga kare namun daji. A fim ɗin Born Free na 1966 ita da mijinta Bill Travers sun fito a matsayin Joy da George Adamson, masu renon zakanya Elsa a Kenya. Wata giwa da suka yi fim da ita, Pole Pole, ta mutu a gidan zu na Landan a 1983. Shekara na zagayowa suka kafa ƙungiyar Zoo Check, wadda ta zama gidauniyar Born Free. Ko'ina dai dabba ce mai suna da labari.

Arewacin Kamaru ne ke nuna iyakar wannan salo. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da bindigogi suka shiga gandun Bouba Ndjida suka kashe ɗaruruwan giwaye don haurensu, ba ko ɗaya da duniya ta san sunanta. Baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe, an ayyana ƙarewarta a 2011 ba tare da wani ya yi mata kuka a sinima ba. Gandun Binuwai kuwa kewaye yake da makiyaya Mbororo, da manoman auduga, da yankunan da ake ba baƙin mafarauta haya, sana'ar da gidauniyar Born Free ke yaƙi da ita alhali wasu ƙauyuka na samun kaso daga kuɗinta. Labarin Elsa ba shi da gurbin manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya.

Wasu za su ce to tausayin Turawa ne kawai, a bar aikin ga ɗaliban Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda ke horar da masu gadin daji tun 1970. Ban yarda ba. Mai gadi na iya tare ɗan farauta, amma ba ya sauya zuciyar jama'ar da ke tafa wa gardi mai jan kura da sarƙa a kasuwa. Wannan aikin 'yan wasa ne, kuma McKenna ta nuna yana ci. Finafinan Kano na shiga gidajen Garwa da Marwa. Da za su ɗauki dabararta su faɗaɗa ta, makiyayin da zakin gandun Waza ya kashe wa saniya ya samu baki a labarin daidai da zakin, da sun yi abin da fim ɗin Born Free bai yi ba.