Jinjina ga Manoman Gaya da Ajingi

Tun kafin saukar ruwan fari, manomin Gaya ya gama rabin aikinsa. Da rani jakuna da amalanke ke jigilar kashin tumaki da tokar murhu zuwa gona, a jibge su tsibi-tsibi. Ƙasar nan jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, damina kuma wata huɗu ce. Shi ya sa yake yin kunya a gicciye da gangare, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, kada ya kwashe ta.

Gero da dawa a sama, wake da gyaɗa a tsakani. Waken na ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da dabbobin da za su ba da takin baɗi. Gawo kuwa ba a sare shi: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana.

Bature Michael Mortimore ya yi nazarin irin wannan noma a kewayen Kano tun shekarun 1960, ya ga gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu, amma ba su mutu ba. Yanzu da buhun takin zamani ya gagari talaka, a Ajingi har sayen kashin kaji ake yi.