Daddawa da Dunƙule: Abin da Ya Fita Daga Tukunyar Miya

A ƙasar Hausa tuwo ke cika ciki, miya kuwa ita ke gina jiki. Dawa da gero da masara suna ba da ƙarfin aiki, amma furotin ɗinsu yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda ke da yawa a wake da danginsa. Wannan giɓin miya ce ke cike shi, kuma tun kaka da kakanni babu abin da ya fi daddawa zama a tukunyar talaka.

Aikin daddawa ba na raggo ba ne. Kalwa, wato ƙwayar ɗorowa, tauri gare ta kamar tsakuwa, ba ta ciwuwa ɗanya. Mai daddawa takan ɗora ta a wuta tun yamma, ta yi ta tura itace tana ƙara ruwa har gari ya waye. In ta yi laushi sai a juye a turmi, a surfa da ɗan yashi ko toka don baƙin ɓawon ya fita, a wanke ta ruwa bayan ruwa, a sake dafawa, wasu da ɗan kanwa. Daga nan a zuba a kwando da zafinta, a lulluɓe da ganye da buhu, a bar ta kwana biyu ko uku. Ranar buɗewa maƙwabta ma sai sun sani. Ƙwayar ta yi duhu, tana yauƙi a hannu, sai a kirɓa, a faɗaɗa ƴan dunƙule-dunƙule a shanya a tabarma.

A cikin kwanakin nan na lulluɓi ƙwayoyin bakteriya, musamman wadda masana ke kira Bacillus subtilis, suke farfasa furotin ɗin kalwa ya zama mai sauƙin narkewa a ciki. Busasshiyar daddawa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta furotin ne, ga mai, ga sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Inda ɗorowa ta yi ƙaranci, a can arewa da cikin Nijar, mata suna yin daddawar batso da ƴaƴan yakuwa. Yarbawa na da irin tasu, haka mutanen Mali da Burkina Faso da Senegal. Baturen nan Heinrich Barth, da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya ambaci daddawa cikin kayan da ya gani a kasuwanni.

Cikin abubuwan da ruɓar kalwa ke fitarwa akwai gulutamet, shi ne ke ba miya wannan garɗin da ke sa a lashe hannu. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa sinadarin ne tushen irin wannan garɗi, daga bincikensa aka samu Ajinomoto, farin magin da muka sani. A shekarar ce kuma kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fitar da dunƙulensa. Ashe daɗin da masana'anta ke sayar mana a takarda, shi ne dai wanda kakanninmu ke samarwa a kwando.

A ganina, babban abin da dunƙule ya yi mana shi ne raba daɗi da abinci. A da, mace in tana son miyarta ta yi daɗi, dole ta zuba abin da ke gina jiki: daddawa, busasshen kifi, ƙashi, gyaɗa ko wake. Harshe ne ke tilasta mata, ko da ba ta taɓa jin sunan furotin ba. Yanzu ruwa da kuka da dunƙule uku sun isa a yi miyar da yara za su cinye tas, alhali ba abin da ya shiga jikinsu sai ganye da gishiri. Kusan rabin nauyin dunƙule, ko fiye, gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali guda. A tukunya ɗaya kuwa sai ka ga an sa dunƙule, an sa farin magi, an barbaɗa gishiri, an jefa kanwa, sannan ga yaji mai nasa dunƙulen a gefen kwano. Dukkansu sodiyam ne, kuma hawan jini ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Ba na ganin laifin matar da ta koma wa dunƙule. Yana da araha, ba ya lalacewa, ba ya cin itace, kuma wasu kamfanoni suna ƙara masa sinadarin ƙarfe da aidin. Ita ma daddawa kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba: ƴar wadda ake jefawa a miyar mutum goma ba ta maye gurbin nama ko wake. Amfaninta a kullum-kullum ɗin yake, safe da dare, shekara da shekaru. Akwai kuma ƙorafi na gaskiya game da tsafta, domin wata ana shanya ta a bakin hanya ƙuda na bi, wata kuma ka tauna ka ji yashi. Abin da nake ƙi shi ne kunyar da ta shigo, har amarya a birni ta ɗauki warin daddawa alamar ƙauyanci.

Warin ma yana da magani a madafa. A daka ta da albasa da citta da masoro da tafarnuwa, a soya a ɗan mai kafin a tsayar da ruwan miya, sai ya koma ƙamshi. Wanda ya saba sa dunƙule huɗu ya gwada biyu da daddawa, harshe yana sabawa cikin ƴan makonni. Miyar kuka da aka sa wa daddawa da ɗan dakakken wake ta haɗa ganye da furotin ba tare da an je wurin mahauci ba. Haka busasshiyar kuɓewa da karkashi. Dafa-dukan shinkafa da manja da busasshen kifi yana karɓarta sosai, kuma yajin ɗanwake ko na kwaɗon zogale in an daka shi da daddawa da ƙuli-ƙuli ba ya buƙatar farin magi.

Sai dai duk wannan ya dogara ga itacen ɗorowa. Ɗorowa kan yi shekaru kafin ta fara ƴaƴa, ba a cika dasa ta ba, barinta ake yi a gona in ta fito. Ita ce mai ba da garin nan rawaya da yara ke sha a lokacin bazara, da makubar da ake daɓe da shafen katanga da ita. Masu gawayi da masu katako suna sare manyan, dabbobi da garma suna kashe ƙananan. Kalwa ta yi tsada, shi ya sa da yawa daga masu sana'ar suka koma waken soya, wanda ya fi saurin dahuwa kuma ba shi da kasawa wajen furotin, ko da yake duk wanda ya tashi da ta kalwa yana gane bambancin tun daga lomar farko.