Bimbiya: Labarin Bai Fara Daga Bakin Teku Ba

Daga Bonaberi muka kama hanyar Limbe, muka gangara Bimbiya, tsohuwar tashar da aka riƙa loda bayi a jiragen Turawa. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: ginshiƙan dutse, sarƙoƙi masu tsatsa, da kangaye da gora ta lulluɓe. Ba a yi wa wurin kwalliya ba, kuma hakan ya fi, don dutsen ya isa shaida.

Inda nake da ja shi ne yadda aka saba ba da labarin irin wannan wuri. Yakan fara daga bakin teku, ya ƙare da yarjejeniyar hana cinikin bayi da Sarki William na Bimbiya ya ƙulla da Ingila a 1844. Sai Bahaushen New Bell ya saurara, ya girgiza kai, ya koma gida yana ganin laifin na Nasara ne da mutanen gaɓa kaɗai.

Alhali bayan wannan yarjejeniya, mayaƙan Ngaundere sun ci gaba da kai hari kan Gbaya da Laka, ana aika bayi Yola gaisuwa, kuma fatake Hausawa na cikin masu saye. Mu ma an sayar da namu: Hausawa ne suka jagoranci boren bayi a Bahia ta Brazil a 1814. Harshenmu bai manta ba: rinji, murgu, bacucane.

Ku je Bimbiya, ku kai yara. In suka tambayi wa ya sayar da bayi, kada ku nuna musu teku kaɗai. Ku nuna arewa ma.